CIWON SUKARI GA MAI JUNA BIYU: ƘWAYA KO ALLURA?

Akwai wani irin ciwon sukari da kan kama mace sa'ad da take da juna biyu, ko da ba ta taɓa yinsa ba. Dalili shi ne mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai masu hana insulin, wato sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, yin aikinsa sosai. In aka yi sakaci, ɗan yakan yi girma fiye da kima har haihuwa ta yi wuya. Ana gano ciwon ta gwajin jini tsakanin mako na 24 da na 28, a wuraren awon ciki irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Magani na farko shi ne gyaran abinci da motsa jiki: a bar lemon kwalba, a rage tuwo da shinkafa, a ƙara wake da ganye. In sukari bai sauka ba, sai likita ya rubuta magani.

Allurar insulin ce aka daɗe ana dogaro da ita, amma tana da tsada, kuma zafin Maiduguri yana lalata ta in babu wurin ajiya mai sanyi. Saboda haka ƙwayar metformin ta sami karɓuwa. A shekarar 2008 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi wa mata 751 a ƙasashen Ostareliya da Niyu Zilan. An ga cewa matsalolin jariran masu shan metformin ba su fi na masu allura yawa ba. Sai dai kusan 46 cikin 100 na masu shan ƙwayar sun bukaci a ƙara musu da allura. Har ila yau, metformin tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan, abin da insulin ba ta cika yi ba. Wata ƙwayar kuma, glibenclamide, ta fi jawo faɗuwar sukarin jariri bayan haihuwa.

Don haka ana jan hankalin jama'a kamar haka:

1. Kada mai ciki ta sayi ƙwayar sukari a kemis ko ta sha ta wani.
2. In likita ya ce a koma allura, kada a ƙi.
3. A sake gwada jini bayan arba'in, domin ciwon yakan dawo daga baya.

Wajibi ne maigida ya tabbata iyalinsa ba ta fasa zuwa awo ba.