Wa ke tsaron ƙofar labaranka: Facebook ko RSS?

Tsofaffin Katsina suna ba da labarin zamanin da kowace ƙofar birni ke da mai tsaronta, a rufe da dare, a buɗe in gari ya waye. Ƙofar 'Yandaka, wadda Gwamna Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, yanzu motoci da babura ke ratsa ta dare da rana, ba mai tambayar kowa. Sai dai aikin tsaron ƙofa bai mutu ba, cikin wayoyinmu ya koma. Labarin da za ka gani da safe da wanda zai wuce ka, akwai mai zaɓa maka.

Bara na gane haka. Ina nema wa ɗana aiki, sai wata ma'aikata da nake bin shafinta a Facebook ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata. Sanarwar ba ta bayyana a wayata ba sai bayan kwana shida, an riga an rufe karɓar takardu. A cikin kwanakin nan kuwa na ga bidiyon rigimar 'yan fim ya fi sau goma. Na kai kukana wurin ɗan ƙanwata, mai rumfar cajin waya kusa da Ƙofar 'Yandaka. Ya karɓi wayar yana dariya, ya ce, "Kawu, ai kai ka ba su wuƙa da nama. Bari in sa maka RSS."

RSS tsohuwar hanya ce, kamfanin Netscape ya fara fito da ita a 1999. Shafin intanet yana ajiye jerin sababbin abubuwan da ya wallafa a wani adireshi na musamman. Kai kuma ka sauke manhaja irin su Feedly ko Inoreader, ka ba ta adireshin shafukan da kake so. Ita za ta riƙa zagayawa tana tattaro maka kanun labarai, sabo a sama, tsoho a ƙasa. BBC Hausa na da irin wannan jeri, kuma yawancin shafukan da aka gina da WordPress suna da shi ko masu su ba su sani ba. Ɗan ƙanwar tawa ya sa mini shafuka bakwai. Washegari wurin mai shayi, kafin ya gama soya mini ƙwai na karanta kanun duka, na buɗe uku da suka dame ni, na mayar da waya aljihu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jerin yana ƙarewa. Kana kaiwa ƙasa, shi ke nan.

Na Facebook ba ya ƙarewa, kuma da gangan ne. Tun 2006 da kamfanin ya ƙirƙiro shafin farko mai gangarowa, a hankali lissafin na'ura ya karɓi ragamar zaɓe: abin da ya fi jawo sharhi da cacar baki shi ke hawa sama, don ka daɗe kana kallo a nuna maka talla. A Janairun 2018 ma kamfanin ya sanar da cewa zai rage nuna abubuwan kafafen labarai ya fifita na 'yan uwa da abokai. Ga kuma cin data, bidiyo na kunna kansa tun ba ka ce masa ba, alhali jerin RSS rubutu ne kusan zalla. Ranar 4 ga Oktoba 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, mutane da yawa sun zama kamar an rufe musu kasuwa. Twitter kuwa gwamnatin Najeriya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 har Janairun 2022. RSS ba shi da ubangida ɗaya da za a shaƙe. Ko da Google ya kashe manhajarsa ta Google Reader ranar 1 ga Yuli 2013, mutane kwashe jerinsu suka yi suka koma wasu manhajojin.

Amma in faɗi gaskiya, ban goge Facebook ba, kuma ba ni da niyya. Rasuwar malamina na firamare a can na gani, har na samu jana'iza. Labarin abin da ya faru daren jiya a ƙauyukan Batsari ko Jibiya, mutumin garin ne ke fara rubuta shi a shafinsa, tun kafin wata jarida ta aika wakili. Da ƙarya a ciki, da hotunan wata ƙasa da ake liƙa wa garinmu, amma da gaskiyar da ba za ka samu ko'ina ba. Facebook majalisa ce, ana musu, ana barkwanci, ana gaisawa. RSS kuwa tamkar ka shiga ɗaki kai kaɗai da tarin jaridu. Wasu shafukan kanu kawai suke turowa, sai ka bi su gida. In ka yi kwana uku ba ka leƙa ba, ka tarar da ɗaruruwa sun taru suna harararka. Manhajojin kuma ba da Hausa suke ba, wanda ya isa ya kori mai shayin nan da ke son labari fiye da ni.

Hukuncina dai, abin da ba na so ya wuce ni, sanarwar aiki, gurbin karatu, labarin kafar da na amince da ita, na miƙa wa RSS. Hira da labarin unguwa na bar wa Facebook, ina shiga da la'asar. Roƙona ga masu shafukan Hausa su fito da alamar RSS ɗinsu fili inda mai karatu zai gani, matasanmu masu ilimin kwamfuta kuma su yi mana manhajar karanta shi da Hausa.