Zauren Majalisar Manchesta da Dukiyar Auduga

A tsakiyar ƙarni na 19, sa'ad da masaƙun Manchesta suka cika kasuwannin duniya da akoko da alawayyo, har birnin ya yi shuhura a matsayin cibiyar auduga ta Ingila, sai tajiran garin, waɗanda Allah ya yalwata wa arziki amma masu sarauta na Landan ba su ɗauke su da wata daraja ba, suka ƙudura gina wa majalisarsu zauren da zai wadatar da su daga yin alfahari da baki. Aka yi gasa tsakanin masu zanen gini, Alfred Waterhouse ya rinjaya, aka ɗora harsashi a 1868 bisa fili mai kusurwa uku, aka buɗe ginin ranar 13 ga Satumba, 1877.

Sarauniya Biktoriya ba ta halarta ba. Magajin gari Abel Heywood, wanda aka taɓa ɗaurewa saboda sayar da jaridar talakawa marar hatimin haraji, shi ya buɗe, kuma sunansa aka laƙaba wa babbar ƙararrawar hasumiyar ginin mai tsawon mita 85.

Hikimar Waterhouse ta fi bayyana wajen zaɓen dutse, domin da ya yi la'akari da hayaƙin gawayin da ke turnuƙe garin safe da yamma, sai ya nemo dutsen Spinkwell mai jure wa baƙin toka, ya kuma yawaita tagogi don haske ya ratsa ofisoshi. Tajiran sun san wace iska masaƙa da 'ya'yansu ke shaƙa, kuma abin takaici ne a ce dutse suka fara nema wa kariya. A daɓen ginin an shimfiɗa siffar ƙudan zuma, alamar ƙwazon ma'aikata, da furen auduga. Alhali a cikin zane 12 da Ford Madox Brown ya yi na tarihin birnin a babban zaure, ba a ba waƙi'ar Peterloo ta 1819 gurbi ba, ranar da mahaya suka afka wa talakawa masu neman haƙƙin ƙuri'a da takubba.

Daga wannan birni ne aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta sa rai ga gonakin Kano da Zazzau, sai dai da jirgin ƙasa ya iso, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba. Shi kuwa zauren majalisar, an rufe shi a 2018 domin gyara.