Ko Kun Sani? Abincin Fadar Sakkwato a Farantin Landan

A al'adar fadojin ƙasar Hausa, baƙon sarki ba ya ɗora tukunya. Ana ba shi masauki a gidan wani babban bafade ko mai sarauta, abinci kuma daga cikin gidan sarki yake fitowa safe da yamma, alamar cewa baƙon yana ƙarƙashin amanar mai gari.

Haka aka yi wa Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya da mutane ke kira Abdullahi, sa'ad da ya isa Sakkwato daga Kano a watan Maris na 1824. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya sauke shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya riƙa aika masa da abin da shi kansa yake ci. Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙon shi ne mazubin: farantan ƙarfe masu tambarin Landan. Wata rana ma a cikin farar tasar wanke hannu ƙirar Ingila aka kawo masa nama. Fatake sun riga shi kai hajar Ingila Sakkwato, alhali Turawan mulki ba su ci garin ba sai 1903.