"Kai, Zo Ka Ba Da Sunanka": Yadda Ake Kyautar Da Rabin Dukiya A Shagon Kwamfuta

Sati uku bayan sadakar arba'in ta wani maƙwabcina, Allah Ya jiƙansa, aka kira ni zaman rabon gado a matsayin shaida. Mutumin ɗan kasuwar hatsi ne, yana saro masara da waken suya a kasuwannin ƙauye yana kai wa masu haɗa abincin kaji. Malamin da zai yi rabon ya baje takarda a kan tabarma yana lissafo abin da aka bari: gida, gona, sito ɗaya a bakin titi, manyan motoci biyu, sai kuɗin banki. Yana zuwa kan kuɗin banki babban ɗan marigayin ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai magana." Ya je bankin, an ce masa asusun da suke ta lissafi a kai ba na babansa ba ne, na kamfani ne. Aka ɗauko takardun motocin da na siton, su ma sunan kamfani ne a kai. Da lauya ya binciko rajistar kamfanin kuwa, sai ga shi ɓaro-ɓaro: hannun jari 1,000,000, marigayi yana da 500,000, ɗan yayarsa da ke tsare masa shago yana da 500,000.

Wurin ya yi tsit. Shi kansa yaron, wanda yake zaune can ƙarshen tabarma, sai da ya zaro ido.

Daga bakinsa muka ji yadda aka yi. A 2017 ne masu sayen masarar suka ce sun daina biyan kuɗi a asusun mutum, sai na kamfani mai rajista. Alhaji ya nufi wani shagon kwamfuta da ke bayan kasuwa, irin wanda ake buga katin ɗaurin aure da cika wa ɗalibai fam ɗin jarrabawa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, sai an sa mutum biyu." Gaskiya ya faɗa, don dokar wancan lokaci ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba. Alhaji ya leƙa waje, ya hango ɗan yayarsa a kan babur yana jiransa, ya ce, "Kai, zo ka ba da sunanka." Yaro ya ce, "To, Kawu." Aka ɗauke shi hoto, ya sa hannu inda aka nuna masa. Da mai shagon ya tambaya yadda za a raba hannun jarin, sai Alhaji ya ce, "Raba yadda ake rabawa, ni takardar nake so." Shi ke nan. Minti goma ba a yi ba, mutumin da ba ya barin a auna masa tiya ɗaya ba ya wurin ya kyautar da rabin abin da zai tara a sauran rayuwarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ba ɗanyen kan mutum ɗaya ba ne. Ɗabi'armu ce. Ɗan kasuwarmu zai kwance bakin buhu ya zura hannu har gwiwar hannu don ya tabbata ba a sa tsakuwa a ƙasa ba, zai ƙirga kuɗi sau uku yana lasar yatsa, amma da an miƙo takarda da Turanci sai ya ce "ina zan sa hannu?" Rajistar kamfani a wurinmu tamkar karɓo katin rigakafi ce: wani abu da ake nunawa a ƙofa a wuce. A manna satifiket a gilashi, a rataye a shago kusa da kalanda, a rubuta "Nigeria Limited" a jikin mota. Abin da aka rubuta a sauran shafukan kuwa, oho.

To ga abin da takardar take nufi. Ranar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta ba ka lambar RC, an haifi wani mutum dabam a idon doka. Yana mallakar dukiya da sunansa, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi, kuma ba ya mutuwa don ka mutu. Ƙa'idar ta daɗe: tun 1896 kotun ƙoli ta Ingila ta tabbatar da ita a shari'ar wani mai sana'ar takalma a Landan, Aron Salomon, inda ta ce bashin kamfaninsa na kamfanin ne, ba nasa ba, ko da yake kusan duk hannun jarin nasa ne. Mu muka gaji wannan doka. Daɗinta shi ne in kasuwa ta karye, masu bin kamfani bashi ba za su zo su ɗaga gidanka ba, sai in kai da kanka ka tsaya masa ko ka yi almundahana. Amma wuƙar baki biyu gare ta. Motar da ka saya da sunan kamfani ba taka ba ce. Abin da ka mallaka shi ne hannun jarinka, kuma shi magadanka za su gada. Malam mai rabo ba zai raba tirela ba, zai raba kason da aka rubuta maka. In rabi aka rubuta, rabi ne, sai fa in an je kotu an kawo hujjar cewa wancan riƙon amana yake yi. Ina hujjar? Maganar da aka yi a tsaye a ƙofar shagon kwamfuta, tun 2017, mai maganar kuma yana kabari?

Kullum muna cewa "ai amana ce", "ai ɗan'uwana ne". Ban musa ba. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin Musulmi 'yan'uwan juna. Ban san inda muka samo cewa rubutu cin fuska ne ba.

Yaron nan fa ba mugu ba ne. A zaman farko cewa ya yi, "Wallahi ban san da wannan ba, kayan Kawu ne." Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan sati biyu, da masu zuga suka gama aikinsu, ya dawo da wata magana: shekara goma sha ɗaya yana yi wa Kawu bauta, ba albashi, sai abin sawa a aljihu da alkawarin za a sallame shi, ga shi Kawu ya tafi bai sallame shi ba. In faɗi gaskiya, a nan ma yana da abin cewa, kuma wannan wani sakaci ne namu da ya cancanci rubutu nasa na dabam. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin, shi kaɗai ne daraktan da ya rage. Banki ba ya jin maganar kowa sai tasa.

Uzurin "sai mutum biyu" dai yanzu ya ƙare. A ranar 7 ga Agusta, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990. A ƙarƙashinta mutum ɗaya tal zai iya kafa kamfani mai zaman kansa, ya riƙe duk hannun jarin. Ƙaramin kamfani zai iya zama da darakta ɗaya, ba dole ya ɗauki sakatare ba, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne. Duk da haka har gobe ana kiran yaron shago, ko ƙanin mata, ko abokin da aka haɗu da shi a layin banki, a ce ya ba da suna. Wasu ma sunan jaririn goye suke sawa don kwalliya. Wa ya aike ku?

A rarrabe abu biyu, don nan mutane suke faɗawa rami. Darakta dabam, mai hannun jari dabam. Darakta mai gudanarwa ne, mai hannun jari shi ne mai dukiya. Kana iya naɗa ƙaninka darakta, ya sa hannu a banki in ka yi tafiya, ba tare da ka ba shi ko hannun jari ɗaya ba, kuma kana iya cire shi ta hanyar da doka ta tsara. Ni ina ma ganin hikima ce a sami darakta na biyu, don in ta Allah ta kasance kada kamfani ya tsaya cak har sai magada sun bi ta kotu. Amma wanda ka rubuta wa hannun jari, ba ka da ikon ƙwacewa don kun ɓata. Sai ya yarda ya sa hannu ya mayar, ko ka saya. In kuwa da gaske haɗin gwiwa kuke yi, wani ya kawo kuɗi wani ya kawo ƙarfi, to ku zauna tun ran gini tun ran zane: kowa kaso nawa, wa ke sa hannu a banki, in ɗaya zai fita wa zai fara yi wa tayi, in ɗaya ya rasu yaya za a yi da iyalinsa. A rubuta, a sa a cikin kundin ƙa'idojin kamfanin ko a wata yarjejeniya ta dabam a gaban lauya. Rabin-da-rabi kuwa, da ake ganin shi ne adalci, shi ne mafi saurin kulle kamfani, don ranar da kuka saɓa babu mai rinjaye.

Tambayar da ya kamata a fara yi ma ita ce: kamfani kake bukata? Da yawa daga masu shagon tireda, teloli, masu gidan burodi da masu POS, rajistar sunan kasuwanci ta ishe su, mai lambar BN. Ta fi araha, ta fi sauƙin riƙewa, kuma ana buɗe asusun banki da ita. Sai dai a nan kai ne kasuwancin, kasuwancin ne kai: bashinsa bashinka ne har cikin ɗakinka. Kamfani ya fi dacewa da mai neman manyan kwangiloli, ko mai shirin jawo masu zuba jari, ko wanda sana'arsa ke da haɗarin babban bashi. Ƙungiyar unguwa, masallaci ko gidauniya kuma rajistarsu dabam ce, ta amintattu. Kada ka bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka, shi wanda ya fi kawo masa kuɗi zai zaɓa.

Ba ina cewa kada a nemi taimako ba. Ba kowa ne ya iya intanet ba, kuma akwai lauyoyi da akantoci da ejan-ejan da hukumar ta tantance, masu tsoron Allah. Abin da nake cewa shi ne ka zauna a wurin. Kafin a tura komai, a buga maka shi a takarda, ka sami wanda ka yarda da shi ya karanta maka da Hausa, layi-layi: sunayen daraktoci, sunayen masu hannun jari, da adadin da ke gaban kowane suna. In ka ga sunan da ba ka sani ba, tashi tsaye. Lambar waya da imel ɗin da za a sa su zama naka, ba na ejan ba, ko da ɗanka ne zai buɗe maka imel ɗin a ranar. Bayan an gama kada ka karɓi satifiket kaɗai ka kama hanya. Ka karɓi takardar da ke nuna matsayin kamfanin da kundin ƙa'idojinsa. Sannan ka sa a duba maka sunan a shafin binciken hukumar na intanet, kyauta ne, don an sha buga wa mutane satifiket na bogi mai kyan gani. Wanda kuma ya riga ya yi rajista shekarun baya, ya je yau a ciro masa takardar ya ga abin da ke ciki tun yana da rai, tun wancan mai sunan yana jin kunyarsa. Gyaran da za a yi da sa hannu ɗaya da kofin shayi yau, gobe sai da mota.

Sai rahoton shekara. Kamfani kamar dabba yake, in ka saya sai ka ci gaba da ba shi abinci. Kowace shekara ana miƙa wa hukumar rahoto, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Masu sunan kasuwanci wa'adinsu 30 ga Yuni ne. Wanda bai miƙa ba tara tana taruwa a kansa, shafin hukumar ya nuna kamfanin ba ya aiki, kuma doka ta ba ta ikon soke wanda ya shekara 10 bai kai rahoto ba. A 2024 ta ba da sanarwar shirin soke kamfanoni kusan 100,000 a kan haka. Ofishin haraji ma nasa bayanin yake jira, ko da kamfanin yana cikin ƙananan da aka yafe wa biya.

Na maƙwabcina bai taɓa kai rahoto ko sau ɗaya ba. Wannan sai daga baya muka sani, bayan wata bakwai ana kai-kawo, dattawan unguwa sun shiga sun fita, uwar yaron da matan marigayin sun daina gaisawa ko a gidan biki. A ƙarshe aka daidaita: a bar masa mota ɗaya, shi kuma ya sa hannu ya mayar wa magada kasonsa. Da lauya ya zo shigar da canjin, sai aka ce a fara biyan tarar shekarun baya, ga kuma imel da lambar wayar da ke kan rajistar duk na mai shagon kwamfuta ne. Aka je shagon, aka tarar ana sayar da kayan waya a ciki, maƙwabta suka ce ya fi shekara uku da tashi. Masu abincin kajin kuwa tuni suka sami wani mai kawo musu masara. Ɗaya motar tana nan a ƙofar siton, tayoyinta biyu sun sace, yaran unguwa suna wasan ɓuya a ƙarƙashinta.