Farantin Da Ke Ƙarƙashin Maɓallan Kibod: Ƙarfe Ko Roba?

Yau za mu leƙa cikin kibod, irin wanda kowane maɓalli ke da nasa makunni mai sifirin, wato kibod na makanikal. Idan ka buɗe shi, tsakanin makunnan da allon lantarkin za ka tarar da wani faranti mai ramuka. Shi ke riƙe makunnan kada su yi lilo. Mutane da yawa sukan kashe kuɗi a kan makunni masu tsada, su manta cewa farantin nan ma yana canza ƙarar kibod da yadda yatsa ke ji.

Bari mu fara da awo. Makunnan Cherry MX na Jamus, da duk masu kwaikwayonsu irin su Gateron da Kailh, suna shiga rami mai kusurwa huɗu na milimita 14, kuma ƙugiyoyinsu suna kama faranti mai kaurin milimita 1.5. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Kibod da yawa na kamfani suna zuwa da farantin baƙin ƙarfe. Yana da arha, yana da ƙarfi, amma ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kuma wani lokaci za ka ji yana amsa kuwwa. Alminiyam ya fi shi sauƙi, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, shi ya sa ya zama tsaka-tsaki. Tagulla kuwa, wadda ake haɗawa daga jan ƙarfe da tutiya, ta ɗan fi ƙarfe nauyi ma. Ƙararta siririya ce mai kaifi, kuma tana dushewa idan ba a yi mata rufi ba. Idan daga waje za ka yi oda, ka tuna nauyi ma kuɗi ne.

To, ina madadin? Na farko robar folikabonet. Tana lanƙwasa, tana ba da ƙara mai zurfi, kuma haske na ratsa ta, don haka masu son fitilu suna ƙaunarta. Sai POM, wata roba mai santsi da laushi wajen dannawa. Sai FR4, wanda zaren gilashi ne da aka daskarar da gam, ainihin abin da ake yin allon lantarki da shi. Shi ya sa masana'antun allo a Sin suke iya yanka maka shi da rahusa, kuma yana tsakanin taurin ƙarfe da laushin roba. Akwai zaren kabon, mara nauyi amma mai tauri. Sai dai a kula, yana ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, kada ya taɓa allon.

Yanzu mu koma kan milimita 1.5. Robar akirilik tana da arha da sauƙin yankawa da leza, amma a wannan sirantaka tsagewa take yi. Idan ka yi amfani da mai milimita 3, ƙugiyoyin ba za su kama ba, ka cire hular maɓalli sai makunnin ya biyo ta, in ba a like shi da dalma ba.

Ana ma iya yi babu faranti, amma sai da makunni masu ƙafa 5 da aka like a allo. Idan allonka irin wanda ake zare makunni a mayar ne, kada ka gwada, farantin ne ke tallafe su.

Wanne za ka zaɓa? Idan kana wuni kana rubuta kundin digiri ko manhaja, yatsunka na gajiya, gwada folikabonet ko POM. Idan kana son danna mai tauri, alminiyam ya ishe ka. Idan aljihu ya yi sanyi, FR4. Kuma kafin ka biya, tabbatar farantin ya dace da tsarin maɓallanka da mazubin kibod ɗinka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.