Tsofaffin Lasifikokin Gida: Tsakanin Jita-jita da Gaskiya

Kasuwar tsofaffin lasifikokin gida, irin masu akwatin katako da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ta sake buɗewa. A Turai da Amurka da Japan farautarsu ake yi, a gyara, a sayar da daraja. Mu ma nan ba mu rasa su ba. Wasu suna shigowa cikin kwantenar kayan Baljiyam, su sauka kasuwar Alaba a Legas, daga can su hauro Sabon Garin Kano da sauran kasuwannin Arewa. Wasu kuma tun zamanin kuɗin Udoji, a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka saye su sababbi fil, yau suna jibge a sito ƙura ta lulluɓe su.

Inda kuɗi ya shiga, jita-jita ba ta nisa, kuma asarar da take jawowa iri biyu ce. Wani ya zuba kuɗinsa a kan akwatin banza saboda daɗin bakin dillali, wani kuma ya miƙa wa ɗan jari-bola kaya mai daraja a farashin tsohon ƙarfe. Ga maganganun da aka fi yaɗawa, da matsayin kowacce.

"Akwai jar zaiba a cikin maganaɗisunta"

Ƙarya ce tsagwaronta. Duk wanda ya kwance lasifika zai ga abin da ke ciki: faifan kwali mai zurfi, siririyar wayar tagulla da aka naɗe a gindinsa wadda masu gyara ke kira koyil, maganaɗisu, firam na ƙarfe, sai ɗan allon da ke raba sauti tsakanin wufa mai fitar da amo mai kauri da tuwita mai fitar da siririn sauti. Tushen tsarin nan, wato faifai da koyil da maganaɗisu, yana nan tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana shi, kuma zaiba ba ta da aikin komai a cikinsa. Ita kanta jar zaibar da ake cewa ana saye da miliyoyi, tatsuniyar 'yan damfara ce da ke yawo ƙasa-ƙasa. A 2009 ta sauka Saudiyya, aka ce tana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, ba a kuma sami komai ba. Yau a ce keken ɗinki, gobe a ce tsohuwar rediyo, jibi lasifika. Wanda ya ɗora wa maganaɗisu guduma, ɓarɓashi kawai zai kwasa, ya kuma hallaka abin da zai iya ƙara shekaru masu yawa yana aiki.

"Duk tsohuwar lasifika ta fi ta zamani"

Rabinta gaskiya, rabinta ƙari. An yi gwanayen ƙira a wancan zamani. Paul Klipsch ya fito da Klipschorn a 1946, har yau kuma ana ƙera ta. Kamfanin Tannoy na Ingila ya dasa tuwita a tsakiyar wufa tun ƙarshen shekarun 1940, don sauti ya riƙa fitowa daga wuri guda. Edgar Villchur ya kawo AR-1 a 1954, ƙaramin akwati mai amo mai zurfi. JBL L100 ta fito a 1970, Yamaha NS-1000M a 1974, Pioneer HPM-100 a 1976. Waɗannan sun ci sunansu.

Amma a kowace guda irinsu, an ƙera ɗimbin masu araha da ake haɗawa da rediyo mai kaset: akwati babba, allon garin katako siriri, ciki fayau, faifai huɗu ko biyar a gaba don ɗaukar ido. Shekaru ba su ƙara musu komai ba. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa. Mai kyau zai ba ka amsa gajeriya, a dunƙule. Na banza zai yi ƙara mai tsawo, alamar shi ma akwatin yana rawa tare da kiɗan, yana gurɓata shi. Daraja tana ga ƙira da lafiyar kayan, ba ga tsufa ba.

"Mai yawan wat ita ce mai ƙarfi"

Ba haka ba ne. Lambar wat da ke bayan lasifika tana nuna yawan wutar da za ta iya ɗauka kafin ta ƙone, ba yawan ƙarar da za ta yi ba. Abin da ke nuna ƙara shi ne desibel nawa take fitarwa idan an ba ta wat ɗaya, a auna daga nisan mita ɗaya. Klipschorn tana ba da kusan 104. LS3/5a, ƙaramar lasifikar da BBC ta tsara a tsakiyar shekarun 1970 don sauraren shirye-shirye a cikin motocin ɗaukar labarai, tana ba da kusan 83. A lissafi, sai an ba ta wuta fiye da ninki ɗari kafin ta kamo ƙarar Klipschorn, abin da ba za ta iya ɗauka ba. Duk da haka mutane suna biyan kuɗi mai yawa a kanta, saboda yadda take fitar da muryar ɗan Adam tsaf.

Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wuta kusan sau goma. Su kuwa manyan lambobin nan da ake mannawa da tambarin PMPO, dubu biyu ko dubu biyar, adon talla ne. Lambar da ake dubawa ita ce ta RMS.

"Ƙaramar amfilifaya ba ta ƙona lasifika"

Tana ƙonawa, kuma tuwita ce ke fara tafiya. Idan aka murɗa ƙaramar amfilifaya ta wuce iyakarta, sautin da take turawa yakan gurɓace, ya cika da tsini, wuta mai yawa ta kwarara zuwa tuwita, wadda wayarta ta fi gashi kauri da kaɗan. Babbar amfilifaya ma tana ƙonawa idan aka yi ganganci. Ƙa'idar guda ce: da zarar sauti ya fara kaushi ko tsagewa, a rage.

A kula da om kuma. Yawancin tsofaffin lasifikoki om 8 ne, wasu kamar AR-3a om 4. Haɗa biyu masu om 4 a layi ɗaya yakan sauko da su zuwa 2, amfilifaya ta yi zafi ta mutu.

"Soson bakin faifai ya ruɓe, ta gama yawo"

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi cin lasifikoki masu kyau. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni da yawa, irin su Advent da AR, sun riƙa zagaye bakin wufa da zoben soso mai laushi. Soson nan yana da wa'adi. Bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin yakan fara mutuwa, zafin bazara da laimar damina kuma suna gaggauta shi. Ka taɓa shi da yatsa sai ya marmashe, ya bar maka baƙin gari mai danƙo. Mai kaya ya ga haka sai ya yanke ƙauna, alhali faifan da koyil da maganaɗisu duk lafiyarsu lau.

Gyaran sananne ne. A kankare tsohon soso da gam ɗinsa daga firam da bakin faifai. A buɗe 'yar hular da ke tsakiya, a zura siraran takardu kewaye da koyil don ya tsaya daidai a tsakiyar raminsa. A manna sabon zoben da aka yi domin wannan samfuri, a bar shi ya bushe, a zare takardun, a mayar da hula. In an yi da natsuwa, sauti yakan dawo kusan yadda yake a farko.

Abubuwa biyu ne ke ɓata lamarin. Na farko, ci gaba da kunna ta da ruɓaɓɓen soso, domin koyil zai karkace, ya riƙa gogar ƙarfe har ya ƙone. Na biyu, gyaran gaggawa: a yanko robar tayar babur ko ƙyalle, a danna da sufa gulu. Bakin faifai sai ya sandare, bes, wato amo mai kauri, ya ɓace. Masu zoben ƙyalle da aka shafa wa magani tun daga kamfani, kamar wufar JBL L100, ba su da wannan ciwo, kuma ba sa buƙatar a taɓa su.

"Kowace wufa mai faɗi ɗaya za ta zauna"

Za ta zauna a ramin, amma ba za ta yi aikin ba. Wufa da akwatinta tare aka auna su. Injiniyoyi biyu da suka yi aiki a Ostireliya, Neville Thiele a 1961 da Richard Small a farkon shekarun 1970, su suka shimfiɗa lissafin da ke haɗa nauyin faifai da laushinsa da ƙarfin maganaɗisu da girman akwati. Cire wufar asali a sa ta mota mai inci goma sha biyu yana rusa wannan lissafi: bes ya yi gurnani marar fasali, murya ta shige ciki. Haka ma naɗin koyil da ka, ba tare da kiyaye kaurin waya da yawan zagaye ba, yakan sauya om da nauyin faifai.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne huda akwati "don bes ya samu hanya". Akwatunan AR da KLH da Advent a toshe aka yi su da gangan. Iskar da ke kulle a ciki ita ke riƙe faifai, ta dawo da shi mazauninsa bayan kowane motsi. Wanda ya huda ya cire wa faifan birki.

"Tsohon maganaɗisu ya fi na yanzu, kuma ba ya rauni"

Akwai tarihi na gaske a bayan wannan magana. Manyan lasifikokin wancan zamani sun yi amfani da maganaɗisun alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobalt da ƙarfe. A 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba na Zayar, inda ake haƙo kaso mai yawa na kobalt ɗin duniya, farashi ya yi sama, kamfanoni irin su JBL suka koma maganaɗisun ferayit. Daga nan aka fara cewa na da ya fi. Gaskiyar ita ce kowanne yana da halinsa. Alniko ƙarami ne mai ƙarfi, amma yakan rage ƙarfi idan an daɗe ana dukansa da wuta mai yawa ko ya sha faɗuwa, kuma akan sake cajinsa da na'ura ta musamman. Ferayit ba ya saurin rauni, sai dai yana tsagewa, gam ɗinsa kuma yakan saki. Saboda haka auna darajar lasifika da girman maganaɗisun da ke bayanta kuskure ne.

"Sai an canza kayan ciki duka"

Wani ɓangare gaskiya ne. Kafasitocin da ke allon raba sauti, irin masu ruwan sinadari a ciki, sukan bushe bayan shekara talatin ko arba'in, sauti ya dushe. Canza su da masu lamba iri ɗaya gyara ne mai amfani, mai araha. Makunnin daidaita tuwita da ke bayan tsofaffin AR yakan yi tsatsa, har a zaci tuwita ta mutu, alhali wankewa kawai yake so. Wasu tuwitoci kuma suna da ruwan maganaɗisu mai sanyaya koyil, wanda ke kafewa da tsufa. Amma wayar sifika mai tsadar gaske ba ta da wani sirri. Wayar tagulla mai kauri daidai ta wadatar a ɗaki.

Gargaɗi guda: tuwita da faifan tsakiya na Yamaha NS-1000M da beriliyam aka yi su. In sun fashe, ƙurarsu guba ce ga huhu. Kada a goge, kada a kankare.

"Ta Amurka sai da taransifoma"

Lasifika ba ta shan wutar bango, daga amfilifaya take karɓa. Amfilifayar Amurka mai bolt 120 ita ke buƙatar taransifoma a wutarmu ta 230. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, kamar Quad ESL ta 1957 da ake jonawa a bango. Ita kuma Bose 901, wadda ta fara fitowa a 1968, tana da ɗan akwatin daidaita sauti da ake haɗa ta da shi. Wanda ya saye ta babu shi ya sayi rabin kaya.

Kafin a biya, kafin a sallama

Mai saye ya cire murfin gaba ya duba da idonsa. Ya ɗora yatsu kewaye da tsakiyar wufa ya danna a hankali: in ya ji ƙarar gogayya, koyil ya taɓu. Ya taɓa batir mai bolt 1.5 a wayoyin baya na ɗan lokaci, ya ga faifai ya motsa. Mita ta nuna masa kusan om 6 a lasifika mai om 8. Ya kunna a hankali, ya kai kunne ga kowane faifai ɗaya bayan ɗaya. Ya duba gindin akwati ko ruwa ya kumbura shi, ko gara ta shiga. Ya tabbatar guda biyun tagwaye ne, faifansu iri ɗaya.

Mai kaya kuma ya karanta sunan samfurin da ke baya, ya bincika kafin ya sallama. Kada ya yi mata fenti ko ya lulluɓe ta da fomeka don ta yi sheƙi, domin masu neman irin wannan kaya fatar katakon asali suke biya. In an taɓa canza wufa, ko an yi naɗin koyil, ya faɗa tun kafin a yi tayi. Ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, kuma shi ne abin da ke sa mai saye ya daina yarda da kowa a kasuwa, har da mai gaskiya.