Zaɓen Shugaban Amurka: A Gyara Ko A Bar Shi Yadda Yake?

A Amurka ɗan takara kan iya fin kowa ƙuri'u a faɗin ƙasa kuma ya sha kaye. Haka ta faru da Al Gore a 2000. A 2016 ma Hillary Clinton ta zarce Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan 3, amma shi aka rantsar.

Dalili kuwa, wakilan zaɓe 538 ne ke zaɓen shugaban ƙasa, duk wanda ya samu 270 ya lashe. Kowace jiha tana da wakilai daidai yawan kujerunta a majalisun tarayya biyu. In ban da Maine da Nebraska, wanda ya yi rinjaye a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta kaf. Ratar ƙuri'u 537 a Florida ce ta ba George Bush, abokin hamayyar Al Gore, wakilai 25 da kujerar mulki a 2000.

Masu kare tsarin suna cewa shi ke hana manyan jihohi irin su Kalifoniya danne ƙanana. Tsoronsu na da tushe. Sai dai a aikace, ƙananan ma ba a waiwayarsu. A zaɓen 2024 'yan takara sun tare ne a jihohi 7 da ba a san maci tuwo ba, irin su Pennsylvania da Michigan. Ɗan Republican da ke Kalifoniya, ko ɗan Democrat da ke Wyoming, ya san ƙuri'arsa ba za ta sauya komai ba, domin jam'iyyarsa ba ta da rinjaye a jiharsa. Wannan, a ganina, shi ne babban aibin tsarin.

Gyaran fa akwai wuya, domin sai an sauya tsarin mulkin ƙasar. Sauya tsarin mulki na bukatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa da amincewar jihohi 38 cikin 50. Majalisar Wakilai ta amince da soke tsarin wakilan zaɓe a 1969, ƙudirin ya mutu a Majalisar Dattawa a 1970.

Najeriya, wadda ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta bi wata hanya: ƙuri'a kai tsaye, da sharaɗin samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi. Irin wannan sharaɗi zai kwantar wa ƙananan jihohi hankali ba tare da an zubar da ƙuri'ar kowa ba. Tsarin Amurka na bukatar gyara.